Tun ranar farko ake gane yaron shagon da zai ba da wahala a Kwari

Zaren nan da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare. 🧵

Magana ce a kan yaran da ake kawowa Kantin Kwari koyon kasuwanci, da alamomin da ke nuna wa maigida tun ranar farko cewa wannan koyarwar za a ji jiki. Ba yaran kaɗai zan taɓa ba. Iyaye da nasu laifin, mu masu shago ma da namu.

Duk lokacin da aka gama WAEC da NECO, ko jami'o'i suka tafi yajin aiki, sai ka ga sababbin fuskoki a layuka. A 2022 da ASUU ta yi wata 8 a gida, daga Fabrairu zuwa Oktoba, har ɗaliban da suka kusa gamawa mun gani suna ninke atamfa.

Yadda ake kawo su iri ɗaya ne. Uba ko kawu ya shigo, a gaisa, ya ce "Alhaji ga ɗanka nan, a riƙe shi." Shi ke nan. Minti biyar. Amma abin da aka ɗora a kan minti biyar ɗin nan shekarun yaro ne, da jarin mutum, da zumuncin gida biyu. In abin ya ɓaci, ukun nan tare suke tafiya.

Ra'ayina a taƙaice: yaron da bai san komai ba shi ne mafi sauƙin koyarwa. Wanda bai san bambancin Holan da ta Chana ba, wata biyu ya ishe shi hannunsa ya gane. Masu wahalar wasu ne daban.

Bari in ɗan fita da ku waje kaɗan, za ku ga inda na dosa.

Shaddar Getzner ɗin nan da muke cewa gezna, a garin Bludenz ake saƙa ta, jihar Vorarlberg a yammacin Ostiriya (ta Turai, ba Ostireliya ba). Kamfanin tun 1818 yake. Leshin Ostiriya ma daga jihar yake fitowa, wajen Lustenau. Ƙasa ce ta duwatsu da dusar ƙanƙara.

A duwatsun nan akwai wata sana'a: koya wa mutane zamiya a kan ƙanƙara. Wani ɗan ƙauyen Stuben a jihar, Hannes Schneider, ya kafa makarantar koyar da ita a St. Anton a 1921. Abin da ya fito da sunan makarantar shi ne tsari: a raba masu koyo aji-aji gwargwadon iyawarsu, kuma a fara koya maka rage gudu da tsayawa kafin a bar ka ka gangaro daga sama.

A irin wannan sana'ar, wanda ya ce "ban taɓa yi ba" ba ya ba malami tsoro, don a fili za a fara da shi. Wanda ya ce "ai na iya" alhali bai iya ba, shi za a hau da shi kan dutse, shi kuma za a sauko da shi a ɗauke. To haka Kwari take. Mu dutsenmu almakashi ne da littafin bashi.

Alama ta farko da nake dubawa: wa ke magana?

In aka zo, uba yana ta bayani, yaro ya jingina da ƙofa yana kallon titi, sai in juya in tambayi yaron da kansa: "Kai kake so, ko kawo ka aka yi?" In uban ya riga shi amsawa, "ai yana so, shi ma ya matsa", na san akwai aiki.

Yaron da burinsa gyaran waya a Farm Centre, ko ɗinki, ko komawa makaranta, in ka ɗaure shi a shagon yadi jikinsa ne kawai zai zauna. Ba taurin kai ba ne. Ba nan zuciyarsa take ba.

Mafi muni a wannan layin shi ne wanda aka kawo don a raba shi da wata majalisa, ko don ya fara shaye-shaye, kuma aka ɓoye wa maigida. Iyaye, don Allah ku daina. Akwai masu shagon da in kun faɗa musu gaskiya za su karɓe shi, su san inda za su ajiye shi da abin da ba za su damƙa masa ba tukuna. Amma ku yi shiru, a ba shi makullin sito da katin banki, ranar da abu ya faru ku ce maigida bai riƙe amana ba? Haba.

Sai yabo. In yabo ya yi yawa ina jin tsoro.

"Wannan ai kwamfuta ne a lissafi." To madalla. Sai in ce masa: turmi 17, kowanne naira 13,500, an rage wa mai saye 200 a kowane turmi, nawa zai biya? Ga kalkuleta nan, kowa da ita yake aiki, ba hadda nake nema ba. Amsar 226,100 ce.

Ba kuskuren nake kallo ba. Abin da yake yi in ya rikice nake kallo. Wani zai ce "Alhaji maimaita min." Wannan ɗan albarka ne. Wani zai jefo lamba da ƙarfin hali yana murmushi, in ka ce ba haka ba ne ya ce kalkuletar ce ta sami matsala. Wannan shi ne mai cewa a hau da shi kan dutse.

Don kasuwar nan cike take da ƙananan abubuwan da ba a koyarwa a aji. Yadi inci 36 ne, wajen santimita 91. Mita santimita 100 ce. Mita 10 ta kusa yadi 11. Mai saye ya ce mita, yaro ya auna da yadi, an tauye shi. Mai saye ya ce yadi, yaro ya auna da mita, an tauye shago. A shadda mai tsada wannan bambancin kuɗin abincin sati ne ko fiye, kuma almakashi in ya shiga ba ya komawa baya.

Ga baƙinmu na Maraɗi da Damagaram. A lissafinsu na sefa, dala 5 ce, jika 1,000 ce. In mutum ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Yaron da ke jin kunyar cewa "Baba ban gane ba, buga min a kalkuleta", zai gyaɗa kai a kan cinikin da bai fahimta ba. Su kuma mutanen nan shekara da shekaru suke zuwa layi ɗaya, shago ɗaya. Rikici ɗaya ya isa su koma maƙwabci.

Shiga kuwa ba sai na daɗe a kanta ba. In yaro ya zo ranar farko da farar shadda ta sha sitaci, takalmi sau-ciki, agogo yana ƙyalli, to ba a faɗa masa aikin da zai yi ba. Watannin farko shara ce, kaɗe ƙura, jera kaya, kwance dila, hawa bene zuwa sito sau ashirin a yini. Wanda yake kasuwar nan a Agustan 2022 da ruwa ya shiga layuka ya jiƙa kaya, ya ga attajirai sun naɗe wando suna ɗauka a ka. Tsafta wajibi ce, kwalliyar ɗaurin aure kuma a bari sai Juma'a.

Waya. Nan ne ni da wasu dattawan kasuwa muka saba.

Su a wajensu duk yaron da ke riƙe da waya ɗan wasa ne. Ni ban yarda ba. Yau ciniki mai yawa ta WhatsApp da Instagram da TikTok yake shigowa. Hajiya tana Abuja ko Legas, a tura mata hoto, ta zaɓa, ta turo kuɗi, a kai tasha. Yaron da ya iya ɗaukar hoton atamfa launinta ya fito yadda yake, alheri ne ga shago.

Abin da nake dubawa biyu ne. Na ɗaya, abin sauraro a kunne mai saye yana tsaye. Na biyu, kuma shi ya fi haɗari: a satin farko ka ga kayan shagonka a shafinsa da farashin da ba kai ka sa ba, da lambar asusunsa a ƙasa. Bai san kuɗin sari ba, bai san wane kaya ke zuba ba, amma ya buɗe kayi-nayi a cikin shagonka. In kayan suka ba da matsala sunan wa za a kira a layi?

Ba a hana yaro neman na kansa. A zauna a yanka masa: in ka kawo mai saye ga la'adarka, kuɗi kuma asusun shago za su shiga. Wanda ya ji wannan ya ɓata rai, ka riga ka ga alama.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki ya koma taransifa, 'yan alat na bogi kuma suka sami kasuwa. Darasin kalma ɗaya ne: kar kaya su fita sai ka ga kuɗi a asusun shago, ba a fuskar wayar mai saye ba. Yaron da ke jin nauyin ce wa mai babbar riga "Alhaji a ɗan jira su shigo", sai an tsaya a kansa sosai, don masu wannan sana'ar irinsa suke nema, kuma lokacin sallah ko cin abinci suke zuwa, in maigida ya fita.

Yanzu ga babbar: ɗan gida.

Ƙanin matar maigida. Ɗan yayarsa. Ɗan aminin babansa. Ba za ka iya yi masa faɗa ba sai maganar ta riga ka isa gida. Ka ce ya share shago, da daddare a kira ka: "Yaya, an ce ka mai da shi bawa." Ya makara, "Mama ce ta aike ni." Sauran yaran shago suna kallo, suna lissafi. Ranar da ka hukunta bare a kan laifin da ka ƙyale ɗan gida, ka rasa su duka.

Alamar tana fitowa tun ranar farko: in uwa ko yaya ta kira ka sau biyu kafin la'asar tana tambayar ko ya ci abinci, to ba yaro ɗaya aka ba ka ba, gida guda aka ba ka.

Iyayenmu sun san wannan. Shi ya sa za ka ga attajiri da shaguna, amma ɗansa yana shagon amininsa yana ɗaukar kaya. Ba ƙiyayya ba ce. Ya san a gabansa yaron ba zai ji faɗa a matsayin darasi ba, shi ma ba zai iya yin faɗan yadda ya kamata ba. In har dole sai ɗan gida, a yi sharaɗi a gaban uwarsa: daga ƙofar kasuwa zuwa tashi, maganar shago a shago take ƙarewa.

Akwai kuma wanda kowa ke yabo, ni kuwa shi na fi sa wa ido: ɗan "to Alhaji".

Komai ka faɗa, to Alhaji. Ka gane? To Alhaji. Ba ya tambaya, ba ya musu, kansa a ƙasa. Sai ka ce ka yi dace da mai ladabi. Bayan wata shida ana ƙirgar kaya sai ka tarar da yadin da ya yanka ba daidai ba an cusa shi can ƙarƙashin kanta, da bashin da ya bayar bai rubuta ba don yana tsoron a ce wa ya sa shi. Ba ɓarawo ba ne. Matsoraci ne, kuma asarar da tsoro ke jawowa a shago ba ta da bambanci da ta sata a littafi.

To amma wa ya koya masa tsoron? Nan maganar ta juyo kanmu.

In kuskuren farko da yaro ya kawo maka da bakinsa ka zage shi a gaban layi har da iyayensa, ka koya masa darasi ɗaya: na gaba ya ɓoye. Kuskuren da aka faɗa da safe ana iya gyara shi, a kira mai saye, a canza, a ba da haƙuri. Wanda aka gano bayan wata shida ya zama asara.

Matasan da ke karanta wannan, ku ma kuna da alamomin da za ku duba kafin ku zauna a shagon mutum.

Ku dubi babban yaron shagon. Shekara nawa ya yi? In ya haura goma, ya yi aure, yana da 'ya'ya, har yanzu kuɗin abinci da na mota ake miƙa masa da yamma kuma ba maganar sallama, to ka ga gobenka a tsaye a gabanka. Ku tambaya a layi: mutum nawa Alhajin nan ya yaye, ina shagunansu ko teburansu? A Kwari wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, 'yan dako ma sun sani.

Ku duba ko akwai littafi. Shagon da komai a kan maigida yake, ranar da lissafi ya ƙi fita kan yaro zai faɗa.

Ku duba aiken. Cefanen gida, kai yara makaranta, wankin mota, sau ɗaya sau biyu ba komai, ɗa ne kai. Amma in rabin yininka a gidan Alhaji yake ƙarewa, ba kasuwa kake koyo ba.

Sannan maigidan da ke ɓoye kuɗin sari har abada. Na gane a watannin farko, sai an san mutum. Amma yaro ya shekara uku bai san nawa aka sayo kaya ba, bai san wa ake sara a wajensa ba, bai taɓa raka ka wajen dila ba? Mai gadin kaya ka ɗauka ke nan.

Kuma a wannan zamanin ɓoyewar kai take cuta. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Kayanmu kuwa yawanci daga waje suke, Chana, Indiya, Dubai, Turai. Ka sayo turmi 10,000, yaro ya sayar 11,000 yana murna an ci riba, ka je sari ka tarar ya koma 12,500. Riba a baki, jari ya ragu. Wannan darasin, na sayarwa da lissafin kuɗin da za ka mayar da kaya, shi ne mafi wuya a kasuwar yau, kuma ba yadda za ka koya wa wanda ka hana sanin kuɗin sari.

Tsallaka Sabon Gari ka ga yadda 'yan kasuwar Ibo ke yi da yaransu. Tun ranar da aka kawo yaro ake yanka shekarun da zai yi, a gaban danginsa, kuma kowa ya san in ya cika za a sallame shi da jari. Su ma ba mala'iku ba ne, ana samun maigidan da in lokaci ya kusa sai ya ƙirƙiro wa yaro laifi. Amma aƙalla akwai maganar da za a riƙe shi da ita. Mu namu "a riƙe shi" ne kawai, sai "Allah Ya sa albarka". Ba wa'adi, ba shaida, ba takarda. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Mun san ta, kunya ce ke hana mu.

Shi ya sa yaron da ya tambaye ni ranar farko "Alhaji shekara nawa zan yi, kuma me za a koya min?" ba na ganin rashin kunyarsa. Wasu abokaina suna gani, har su ce ido ya buɗe da yawa. Ni a wajena ya fi wanda tambayarsa ta farko ita ce yaushe ake fara tafiya Guangzhou. Na farkon yana lissafin hanya. Na biyun hoton filin jirgi yake hange.

Wani zai ce to in an ga alamomin nan sai a kori yaro? A'a. Yawancinsu ana gyara su in an gan su da wuri. Mai "na iya" a ajiye shi nesa da almakashi sai ya koyi cewa ban sani ba. Matsoraci a yaba masa ranar da ya kawo kuskurensa da kansa, a gaban sauran. Wanda ba ya so a kira ubansa a faɗa masa gaskiya tun wata bai cika ba, a nema masa inda yake so, kafin a ɓata masa shekara uku a ɓata zumunci.

Wanda ban san maganinsa ba a shago shi ne wanda aka kama da ƙarya a kan ƙaramin abu, canjin naira 200 na abinci, ya kuma tsaya a kanta yana rantsuwa. Wannan gara a rabu tun ana gaisawa.

Abin da nake ba da shawara: wata uku na gwaji, a faɗa a gaban wanda ya kawo shi, kowa yana da damar cewa bai yi ba ba tare da an ɓata ba. In an wuce, a rubuta shekaru da abin da za a yi masa a ƙarshe, mutum biyu su sa hannu.

Ga kuma wani ɗan gwaji da ake yi a satin farko. A ba yaro kaya ya ƙirga, a ce masa turmi 50 ne, alhali 49 aka ajiye. Wani zai dawo ya ce "sun cika Alhaji", bai ma ƙirga ba, ko ya ƙirga ya ji tsoron faɗa. Wani zai ƙirga sau uku, gumi ya keto masa, ya zo ya ce "Alhaji ni dai 49 nake samu." Wannan na biyun, ka fara tunanin ranar da za ka ba shi makulli.

'Yan Kwari, 'yan Wambai, 'yan Singa, in da wadda na tsallake ku ƙaro. Yaran shago ma ku faɗi naku, ba sai kun kama suna ba.